Mil Goma Bayan Tashi Daga Aiki: Tseren Keke a Ƙananan Kulob na Birtaniya

Daga watan Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba a Birtaniya, duk wanda ya bi hanyoyin bayan gari da yammacin Talata ko Laraba ko Alhamis zai iya cin karo da wani ɗan taro a gefen titi. 'Yan motoci ne a fake, an buɗe bayansu. Wani na buga wa tayarsa iska, wata na maƙala lamba a bayan rigarta da fil, wani dattijo kuma na zaune a kujerar naɗewa, allo a cinyarsa, agogo a hannunsa. Babu 'yan kallo, babu lasifika. Da ƙarfe bakwai ta cika sai mai lamba ɗaya ya hau layi, wani ya riƙe masa sirdi ta baya don ya samu ya ɗora ƙafafunsa biyu a kan feda, mai agogo ya ƙirga masa daƙiƙa biyar na ƙarshe da babbar murya, a sake shi. Bayan minti ɗaya cif a saki mai lamba biyu.

Wannan shi ne tseren mil goma na kulob, kusan kilomita 16. Kowa shi kaɗai yake tafiyarsa, doka ta hana mutum ya laɓe a bayan wani don a kare masa iska. Za ka miƙe har wani shataletale da ke wajen rabin tafiyar, ka zagayo ka dawo, in ka zo wucewa ta gaban mai agogo ka faɗi lambarka da ƙarfi, in dai da sauran numfashi a ƙirjinka. Titin a buɗe yake, motoci da tireloli na wucewa yadda suka saba. Masu tseren kuwa mutanen gari ne da suka taso daga wurin aiki: malamin makaranta, mai gyaran famfo, ma'aikaciyar jinya, direban bas, ɗan sakandaren da mahaifinsa ya kawo shi, da tsohon da ya yi ritaya tun kafin a haifi ɗan sakandaren. Kuɗin shiga fam kaɗan ne. In an gama a taru a bayan wata mota ko a ɗakin taron ƙauye, a rubuta lokacin kowa a allo, ka mayar da lambarka a ba ka shayi da yankan kek. Wanda ya zo na ɗaya ma iyakar rabonsa ke nan.

Burin sabon shiga shi ne ya gama kafin minti 30, wato ya riƙe gudun mil 20 a awa. Wanda ya yi shekaru yana horo zai iya saukowa zuwa minti 24 ko 22. Can a ƙololuwa akwai Marcin Białobłocki, ɗan Poland mazaunin Ingila, wanda ya yi minti 16 da daƙiƙa 35 a 2016 a wani titi kusa da birnin Hull. Amma da wuya ka ji sunansa a gefen titi. Tambayar da kowa ke yi wa ɗan'uwansa ita ce, "Nawa ka yi?" Sai a shiga labarin iska, yadda ta turo su a tafiya ta kuma tare su a dawowa. Mutumin da ya zo kusan na ƙarshe zai koma gida baki har kunne idan ya rage daƙiƙa takwas daga mafi kyawun lokacin da ya taɓa yi, kuma 'yan kulob za su taya shi murna da gaske, domin kowa a wurin ya san kuɗin daƙiƙa takwas a cinya da huhu.

Masu kallon talabijin sun san Bradley Wiggins, ɗan Birtaniya na farko da ya ci gasar Tour de France a 2012, sun san Geraint Thomas da ya ci ta a 2018. An fi danganta waɗannan nasarori da maƙudan kuɗin da aka fara zubawa a manyan wasanni tun 1997 daga asusun cacar ƙasa, kuma lallai kuɗin sun yi aiki. Sai dai kuɗin tarar da mahayan suka yi a kan keke. Thomas yana ɗan shekara goma ya shiga wani kulob na yara a Cardiff mai suna Maindy Flyers. Wiggins ya taso a Archer Road Club na Landan. Tao Geoghegan Hart, wanda ya ci gasar Giro ta Italiya a 2020, daga kulob ɗin unguwar Hackney ya fito. A ganina, wanda ke son sanin lafiyar wannan wasa a Birtaniya, dattijon nan mai agogo ya kamata ya je ya duba, shi da ire-irensa da ba a biyan su ko sisi.

Yadda aka koyi tsere a ɓoye

A Faransa da Beljiyam da Italiya, tseren keke tun tasowarsa shagalin gari ne. A tare hanya, a saki mahaya ɗari ko fiye lokaci guda, jaridu su yi ta kururuta shi. Ingila ta bi wata hanya dabam, kuma tsoro ne ya kai ta can. A shekarun 1880 masu keke ba su da farin jini a karkara. Masu dawakai da karusai na kallon su a matsayin 'yan ta da zaune tsaye, 'yan sanda kuma na gurfanar da su a kotu kan gudun ganganci. Babbar ƙungiyar mahaya keke ta ƙasar, National Cyclists' Union, ta ji tsoron kada tsere ya jawo a kori keke daga kan titi gaba ɗaya. Don haka a 1890 ta haramta wa 'ya'yanta tsere a kan hanya, ta ce kowa ya koma filin da aka kewaye.

Ba kowane gari ke da irin wannan fili ba, kuma ba kowane kulob ya ji maganar ba. A 1894 ana cikin wani tseren mil 50 a babbar hanyar da ta fita daga Landan ta nufi arewa, sai mahaya suka zo wuce wata mata a karusarta. Dokin ya firgita, aka yi faɗuwa. Matar ta kai ƙara, 'yan sandan yankin suka ce an gama tsere a ƙasarsu. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Frederick Thomas Bidlake, gwanin keke mai ƙafa uku, ɗan kulob ɗin North Road. Shi ake jingina wa dabarar da ake kanta har yau. In aka saki mutane ɗaya bayan ɗaya, da tazara a tsakaninsu, babu mai bin bayan wani, me ɗan sanda zai gani? Mutum guda ne a kan kekensa yana sauri. Ranar 5 ga Oktoba, 1895, kulob ɗin ya gwada hakan a nisan mil 50.

Daga nan wasan ya koma na rufa-rufa, kuma haka ya zauna shekaru masu yawa. Da asubar Lahadi ake fitowa, a gama kafin gari ya farka. Dole mahayi ya sa baƙaƙen kaya daga wuya har idon sawu don kada ya ja hankalin kowa. Ba a maƙala lamba a jiki, da baki ake faɗarta. Takardar da ke ɗauke da sunaye da lokacin tashi ana buga mata alamar sirri, jaridu kuma ba sa faɗar wuri kafin ranar. Su kansu hanyoyin ba a kiran su da sunan gari, sai da harafi da lamba waɗanda 'yan ciki kaɗai suka san ma'anarsu. Baƙaƙen kayan sun tafi tuntuni, amma haruffan na nan daram. Duk hanyar da ta fara da V a yankin Yorkshire take, mai R kuma a kudancin Wales. Titin da Białobłocki ya yi abin nan nasa, V718 ake ce masa, kuma ba ka buƙatar ƙara wa ɗan tsere bayani.

Bidlake kansa titin ne ya yi ajalinsa. A 1933 mota ta buge shi a gangaren Barnet, arewa da Landan, ya rasu bayan 'yan makonni. 'Yan keke suka tara kuɗi suka yi masa ɗan lambun tunawa a gefen hanyar arewan nan, kusa da garin Sandy, suka kuma kafa lambar yabo da sunansa wadda har yanzu ake bayarwa.

Wanda ya fasa ƙwan haramcin tseren ayari a kan titi shi ne Percy Stallard, mai shagon keke a Wolverhampton. Ya wakilci ƙasarsa a gasar duniya a shekarun 1930, ya ga yadda mahayan Birtaniya ke shan kashi saboda ba su saba tafiya cikin ayari ba. Da yaƙin duniya na biyu ya sa man fetur ya yi wuya, tituna suka zama wayam, sai ya ga dama ta samu. Ya nemi izinin shugabannin 'yan sandan da hanyar ta ratsa ƙasarsu, suka ba shi, ranar 7 ga Yuni, 1942 kuma ya saki ayari guda daga Llangollen zuwa Wolverhampton, mil 59. Albert Price ne ya ci. Babu abin da ya faru da kowa, amma ƙungiyar ƙasa ta dakatar da Stallard da mutanensa. Su kuma a watan Nuwamba suka kafa tasu, British League of Racing Cyclists. Shekara 17 aka yi ana wannan rigima, kulob-kulob suka dare gida biyu, abokan da suka taso tare suka daina gaisawa a hanya. Sai a 1959 ɓangarorin biyu suka haɗe. Dokar da aka yi a 1960 ita ce ake aiki da ita har yanzu: tseren agogo, wato na ɗaya bayan ɗaya, sanarwa kawai yake buƙata, a kai wa 'yan sanda kwana 28 kafin ranar, shi kuwa tseren ayari sai da amincewarsu.

Matar Morley

Idan ana so a ga abin da ƙaramin kulob zai iya haifarwa, babu kamar labarin Beryl Burton. An haife ta a Leeds a 1937. Tana yarinya ta yi wata doguwar jinya da ta taɓa mata zuciya, ta shafe fiye da shekara tsakanin asibiti da gidan murmurewa. Mijinta Charlie ne ya shigar da ita harkar keke, a kulob ɗin Morley, wani ƙaramin gari kusa da Leeds. A farkonta ba ta iya bin ayari, sai an riƙa turo ta a kan tudu. Bayan 'yan shekaru ita ce ke gaba, maza na haki a bayanta.

Ta ci gasar duniya sau bakwai, biyu a kan titi a 1960 da 1967, biyar a fili. A gida kuwa akwai kambun da ake bai wa wanda ya fi kowa idan aka haɗa lokutansa na nisa daban-daban a shekara. Na mata ya zauna a hannunta shekara 25 a jere, daga 1959 zuwa 1983. Duk wannan tana aikin gona, tana ɗaukar buhuna, tana duƙe a gonar wani ganye mai jan kara da yankin ya shahara da shi. An yi mata tayin ta koma mai hawa don albashi, ta ƙi. Charlie shi ne makanikinta, shi ne direbanta, shi ke riƙe 'yarsu Denise a gefen titi.

Ranar da aka fi tunawa ita ce ta watan Satumban 1967, a wani tsere na awa 12 da kulob ɗin Otley ya shirya. A irin wannan ba a yanka maka nisa, lokaci ake ba ka, a ga iyakar inda za ka kai. An saki Mike McNamara, gwarzon maza na wannan shekarar, minti biyu kafin ita. Can da yamma, bayan awanni masu yawa a kan sirdi, ta cim masa. Da ta zo daidai da shi sai ta zura hannu a aljihun rigarta ta miƙa masa alewa, ya karɓa ya yi godiya, ta wuce. McNamara ya gama da mil 276.52, sabon tarihin maza. Ita ta yi mil 277.25, sama da kilomita 446. Sai da aka yi shekara biyu kafin wani namiji ya wuce nan, mata kuwa sai a 2017, bayan shekara 50, da kekunan zamani da duk dabarun da ba ta taɓa gani ba.

Abin da ke ci mini rai a labarinta shi ne yadda duniya ta makara. Ba a sa tseren keke na mata a gasar Olamfik ba sai 1984, lokacin ta haura shekara 45. Tseren agogo, wanda a nan ta fi ƙarfi, bai shiga gasar duniya ba sai 1994. Da kulob bai ba ta wurin tsere kowane mako ba, da babu inda za ta nuna abin da Allah ya ba ta. Ba ta da sauƙin hali, wannan kowa ya sani. A 1976 da 'yarta Denise ta doke ta a gasar ƙasa, ƙin miƙa mata hannu ta yi a kan dandamali. Ta rasu a watan Mayun 1996 a kan kekenta, zuciyarta ta tsaya tana hanyar raba takardun gayyata na cikarta shekara 59.

Wanda ya girma ya tarar da keken Rale jingine a zauren gidansu yana da ɗan rabo a wannan tarihi. A Nottingham aka riƙa ƙera shi a da, kuma wani mazaunin garin, Ray Booty, a kan Rale ya zama mutum na farko da ya yi mil 100 cikin ƙasa da awa huɗu a tseren agogo. A 1956 ne, awa 3 da minti 58 da daƙiƙa 28, da giya ɗaya tak. Ana gobe tseren, a kan keke ya taho tun daga Nottingham zuwa wurin da za a tashi, tafiyar da ita ma ta kai kusan mil ɗari.

Cikin ayari

Tseren ayari wani karatu ne dabam. In gudu ya yi gudu, mafi yawan ƙarfin mahayi a kan ture iska yake ƙarewa, wanda kuma ya lafe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan wahala. Daga nan duk dabarun wasan suka fito. Mai ƙarfi zai iya shan kaye a hannun mai wayo, wanda ya ɓoye a tsakiya duk tafiyar ya fito a mita 200 na ƙarshe. Mutum uku ko huɗu za su ɓalle su gudu, su riƙa karɓa-karɓar gaba tamkar 'yan uwa, alhali kowannensu na lissafin inda zai yar da sauran.

Ba a koyon wannan a littafi. A fitar Lahadi ake koya, inda 'yan kulob ke tafiya bibbiyu na awa uku ko huɗu, su yada zango a wani shagon shayi. Nan tsofaffin hannu za su nuna wa sabo yadda ake bin taya da tazarar taki guda ba tare da an taɓa ba, yadda ake nuna rami da yatsa don na baya, dalilin da ya sa ba a damƙe birki ba zato, da haɗarin barin tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wani. Da daren tsakiyar mako kuma akwai horon gudu, layi biyu suna juyawa, kowa ya ɗan ja gaba ya kauce. Wanda ya kasa sai ya kama hanyar gida shi kaɗai, ya sake zuwa mako mai zuwa.

Mai son shiga tsere zai yanki lasisi daga hukumar British Cycling, ya fara daga aji na huɗu. Maki 12 a shekara guda ke kai mutum aji na uku, 40 kuma su kai shi na biyu. Yawancin tseren sababbi yanzu a rufaffun da'irori ake yi, irin na Hillingdon a yammacin Landan, kusan awa guda ana zagaye. Galibi sabo ba ya kai rabi ayari ya bar shi, kuma ba don ya fi kowa rauni ba. A kowace kwana yana ja da baya don tsoro, yana fitowa sai ya ƙona ƙarfinsa wajen cike giɓin, har ƙarfin ya ƙare. Sai a tsere na huɗu ko na biyar yake gane cewa zama kusa da gaba ya fi zama a wutsiya sauƙi.

Masu riƙe da tuta

Kafin a saki ayarin mutum 60 a kan titin ƙauye, wani ya yi watanni yana aiki da dare bayan ya dawo daga nasa aikin. Ya bi hanyar ya rubuta duk wani wuri mai haɗari, ya rubuta wa 'yan sanda, ya kama hayar ɗakin taron ƙauye, ya nemo alƙalan tsere da masu agajin gaggawa da direban motar gaba da 'yan babur masu rakiya. Kowace mararraba tana buƙatar mutum mai riga mai ƙyalli, wasu wuraren kuma sai wanda aka horar aka ba shi ikon tsayar da mota. Mutumin zai tsaya awa uku, wataƙila cikin ruwan sama, don ayarin da zai wuce shi cikin daƙiƙa goma a kowane zagaye, ga direbobin da aka tsayar wasunsu na zazzaga masa baƙar magana.

Tseren agogo bai kai haka nauyi ba, amma shi ma yana da mutanensa. Mai agogo sai hukumar Cycling Time Trials ta yankinsa ta amince da shi. Mai auna hanya yakan bi ta da keke yana ƙirga juyawar taya, don kada a ce mil goma alhali da saura. Akwai mai kafa allunan gargaɗi tun kafin kowa ya iso, shi ne kuma zai koma ya kwashe su bayan kowa ya watse. Akwai mai dafa ruwan shayi. A kulob da yawa ƙa'ida ce, duk mai son yin tsere sai ya ba da yammaci ɗaya ko biyu a shekara ya ajiye kekensa ya tsaya a shataletale. Aikin gayya ne sak: yau a gonarka, gobe a tawa, wanda kuma ya saba zuwa cin tuwo ba ya zuwa noma, kowa ya san shi ko ba a faɗa ba.

Wannan tsari ne ya sa wasan ke riƙe mutum har tsufa. Tun 1943 akwai ƙungiyar 'yan shekara 40 zuwa sama, wadda ta tsara ma'aunin lokaci ga kowace shekara ta haihuwa. Da shi ɗan 78 zai iya doke ɗan 45, idan ya fi shi zarce ma'aunin shekarunsa. Sau da yawa wanda ya riƙe agogo wannan makon, shi za ka gani a kan layi mako mai zuwa, da kekensa na ƙarfe da ya saya tun yana saurayi. Da kaka ta kama kuma, a watan Oktoba, sai a koma hawan tudu, tseren minti biyu zuwa biyar da ke sa mutum ya zube a ƙarshe sai an tare shi. Kulob ɗin Catford na kudancin Landan yana shirya nasa tun shekarun 1880. A nan ne kaɗai za ka ga jama'a sun cika gefen hanya suna ihu a kunnen mahayi.

Matsalolin yau a fili suke. Ta farko kuɗi. Tunda iska ce babbar abokiyar gaba, ana iya sayen gudu: keke na musamman, tayar baya mai kama da faifai, hular kwano mai wutsiya, riga mai manne wa jiki, har da masu biyan kuɗi a gwada zamansu a ɗakin da ake hura iska. Dubban fam ke nan. Yaron da ya zo da kekensa na yau da kullum ya ga wannan, yana iya yanke cewa wurin ba nasa ba ne. A 1993 Graeme Obree na Scotland ya karya tarihin duniya na awa guda a kan keken da ya haɗa da hannunsa, har da wani ƙarfe da ya ciro daga injin wanki. Irin wannan ƙofa ta ƙuntace ƙwarai. Shi ya sa na ga hikima a matakin da hukumar tseren agogo ta ɗauka a 2023, na ware rukuni ga masu keke na gama-gari, a jera sakamakonsu dabam.

Ta biyu titin kansa. Motoci sun yi yawa sun kuma yi girma, ana ta gina sababbin unguwanni a bakin hanyoyin da a da babu kowa, kuma fitilar ba da hannu guda ɗaya ta isa ta kashe hanyar da aka yi shekara 50 ana tsere a kanta. A Satumban 2023 Wales ta mayar da iyakar gudu a cikin garuruwa mil 20 a awa, ƙauyuka da dama a Ingila ma sun bi sahu, abin da ya jefa hanyoyi da yawa cikin matsala tunda ɗan tsere ya fi haka gudu. Ban ga laifin mutanen ƙauyen da ke son 'ya'yansu su tsallaka titi lafiya ba. Inda nake ganin laifin 'yan keke kansu shi ne son manyan tagwayen hanyoyi, inda iskar tireloli ke jan mahayi ta ba shi lokaci mai kyau. An rasa rayuka a irin waɗannan hanyoyi. A 2018 hukumar manyan hanyoyi ta nemi hana keke bin titin nan na kusa da Hull, dubban mutane suka rubuta ƙin amincewa, ta janye. Haƙƙin bin titi ya cancanci a kare shi. Amma kulob ɗin da ya zaɓi ƙaramar hanya mai tudu da kwana, ya haƙura da lokaci mai ƙyalli, shi ya fi kyauta wa 'ya'yansa. Yanzu dai hular kwano da fitilar gaba da ta baya sun zama dole a kowane tseren agogo.

Ta uku ita ce mafi wuyar magani. Mutane da yawa sun koma horo da tsere a ɗaki, keke a kan na'ura, allo a gaba, ta manhajoji irin su Zwift, babu ruwan sama babu mota. Wasu kuma na hawa tare da abokai da suka haɗu a intanet, ba tare da katin kulob ko wani nauyi a kansu ba. Ba aibu ba ne, ƙafafunsu ma sukan fi na 'yan da ƙarfi. Amma manhaja ba ta aiko da mai tsayawa a mararraba, kuma waɗanda suka saba tsayawar shekaru na cim musu. A saman ma girgizar ta kai: a ƙarshen 2024 ƙungiyoyin maza biyu na ƙarshe da ke matakin da ke tsakanin kulob da manyan ƙwararru a Birtaniya, Saint Piran da Trinity Racing, sun nannaɗe tabarmarsu a wannan mataki.

Ana yanke makomar kowace kaka ne a taron shekara na kulob, wajen Nuwamba ko Disamba, a bayan wani shago ko ɗakin coci da aka ara. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a raba kofunan da aka sassaƙa wa sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, sannan a zo kan muƙamai. Shugaba yakan samu. Mai kula da rigunan kulob yakan samu. Inda ake yin tsit shi ne sakataren tsere, mai rubuta wa 'yan sanda, mai rabon ranakun aiki, mai amsa waya idan wani ya faɗi. In aka samu wanda ya ɗaga hannu, za a aika da ranakun zuwa hukumar yanki kafin sanyi ya wuce, a buga su a jadawali. In ba a samu ba, ranakun sukan faɗo daga jadawalin, kuma dawo da su ya fi riƙe su wuya nesa ba kusa ba, domin sai an sake duba haɗarin hanyar, wani lokaci a sake auna ta, a sake tara mutanen da kowannensu ya riga ya sami wani abin yi da yammacin Talata.